'Yata ta rubuta "the road she is long", babanta ya ce a daina Hausa a gidan

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni uwa ce mai yara uku a Kano, babbar tana aji biyar na firamare, shekarunta 10. Sati biyu da suka wuce aka ba su aikin gida na Turanci, wai su kwatanta zomo da kunkuru na labarin tseren nan, su faɗi halin kowa da inda suka bambanta. Yarinyar nan ta zauna ita kaɗai ta cika shafi guda tana ta murna. Da aka dawo musu da littafi duk jan biro ne, ta ci 3 cikin 10, kuma malamar ta karanta aikin nata a gaban aji yara suka yi ta dariya. Ga kaɗan daga abin da ta rubuta: "The tortoise he is slow but he did not stop. The road she is long. The hare slept under a tree because she has shade. He passed him when he was sleeping and he won. My grandmother they said a proud person is like the hare." Yanzu "road she" 'yan ajin suke kiranta, ta daina ɗaga hannu, da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Babansu da ya gani ransa ya ɓaci sosai, ya ce gumi yake yi kafin ya biya kuɗin makaranta, daga yau kar a ƙara yi wa yara Hausa a gidan, har tatsuniyar da mahaifiyarsa take musu da daddare ya ce a dakata da ita. Hajiya ba ta ce komai ba, amma na lura kwana biyun nan da an yi isha'i take shigewa ɗaki. Ni kuma iyakata sakandare, Turancina ba wani mai ƙarfi ba ne, ina tsoron in ce zan koya mata in ƙara ɓata ta. In je in sami malamar ne? In bi maganar maigida? Wallahi na rasa ta inda zan fara.

Wata uwa, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah sarki, ciwon cikin safen nan shi ya fi tsaya min a rai a duk wasiƙar taki, don yaro ba ya ƙirƙiro ciwo haka kawai sai in akwai abin da yake tsoron tararwa. Toh bari in fara da abin da nake so ki faɗa mata yau ɗin nan kafin ta kwanta: na karanta jimlolinta biyar, kuma yarinyar nan ta gane labarin sarai. Kalli abin da ta yi fa, ta ce kunkuru ba ya sauri amma bai tsaya ba, ta kawo dalilin da ya sa zomo ya kwanta a inda ya kwanta, sannan ta fita daga cikin littafi ta ɗauko maganar kakarta ta ɗora a kan halin zomo, wato girman kai. Ai wannan shi ne kwatanta taurarin labari, abin da aka ce su yi kenan. Yara da yawa in aka ba su irin wannan aikin labarin kawai suke sake zubowa daga farko har ƙarshe, ba sa taɓa maganar hali. Taki ta taɓa. Inda ta faɗi wajen wakilin suna ne, su he da she da it da they, kuma shi ma ba faɗuwar rashin kai ba ce.

Ki ɗauki jimlar farko ki mayar da ita Hausa kalma bayan kalma ki ji. "The tortoise he is slow", kunkuru ya cika nawa. Kin ji "ya" ɗin nan? A Hausa ba ki isa ki ce "kunkuru tafi" ko "Gizo ci abinci" ba, dole ki sa ya ko ta ko sun tsakanin suna da aikin, a nahawu ma zagin aikatau ake ce masa, kamar zagin da ke gaban dokin sarki, duk inda aikatau za shi yana gabansa. Shi kuwa Turanci ba ya son a haɗa biyun, ko dai ki kira suna ko ki sa wakilinsa, "The tortoise is slow" ko "He is slow". Yarinyar ta ɗauko zaginta ne ta shigo da shi gidan da ba a san shi ba. Wannan shi ya fi sauƙin gyarawa ma, ki ce ta ɗora yatsa ta rufe he ɗin da ya biyo bayan suna ta sake karantawa, in jimlar ta tsaya da ƙafarta toh ta soke shi.

Sai "the road she", wadda ta zame mata suna a aji. Hanya a Hausa mace ce, hanya ta yi nisa, bishiya ma mace ce, tana da inuwa. Mu komai na duniya mun raba shi biyu, ko namiji ko mace, yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, tukunya, wuƙa, mota, tsintsiya, sai 'yan tsirarun da suka ƙi bin layi kamar gida da ruwa da nama da suna. Har garuruwa mata ne a wajenmu, Kano ta cika, Zariya ta yi sanyi. Ba mu da kwando na uku da za mu zuba abin da ba mutum ba. Turanci yana da shi, shi ne it, kuma hanya da bishiya da mota da gari duk ciki ake zuba su. Don haka yarinyar da ta ce wa hanya she ba hauka ta yi ba, ƙa'idar da take bi tun tana shekara biyu ta bi, ba a dai taɓa zaunar da ita an ce mata ga kwando na uku ba.

Abin ma da zai ba ki dariya, Turancin kansa da haka yake. Tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce yana da jinsi a sunayen abubuwa, daga baya ya zubar, sai ɗan ɓurɓushi da ya rage kamar yadda masu jirgin ruwa har yau suke ce wa jirginsu she. Kuma da a Maraɗi ko Damagaram 'yar taki take, tana karatu da Faransanci, da hanyar nan ba ta ja mata dariya ba don a can ma hanya mace ce. Larabcin da take yi a Islamiyya shi ma ya raba, huwa da hiya, anta da anti, daidai da shi da ita, kai da ke. Ki gaya mata wannan, zai ɗan ɗaga mata kai. Ki ƙara mata da cewa akwai wahalar da ita ta tsallake, yaran Yarbawa da na Ibo a harshensu kalma ɗaya ce take tsaya wa namiji da mace, shi ya sa da yawansu in suna koyon Turanci sukan ce wa mamansu he. Bahaushe ba kasafai yake wannan kuskuren a kan mutum ba. Kowane harshe da inda yake sa ɗansa tuntuɓe.

Amma akwai wani ɗan tarko a nan da ya kamata ki sani tunda labaran yara cike suke da dabbobi. In darasin kimiyya ne ana maganar kunkuru a matsayin dabba, it za ta ce. In kuwa a labari ne, kunkurun yana magana yana cika baki yana shiga tsere, toh ya zama mutum, marubucin zai ce masa he ko she, sai ta duba littafin ta ga wanne aka ba shi ta riƙe shi har ƙarshe, kar ta fara da he ta ƙare da it. Ta yi hattara da kura da giwa, mu mata muke ɗaukarsu, kura ta zo, giwa ta faɗi, amma a littafin Turanci za ki iya tarar da an ce musu he. Littafin ne alƙali a nan.

Jimlar ƙarshe kuwa ni burge ni ta yi. "My grandmother they said", Hajiya sun ce. Tarbiyya ce wannan, yarinyar ba ta iya ce wa kakarta "ta ce" gatsau ba sai ta girmama ta da jam'i. Sai dai Turanci ba ya girmama mutum ta wannan hanyar, kaka ko sarauniyar Ingila ce she ce kawai. Da suna da irin namu ta ɓangaren mai sauraro, thou ga mutum ɗaya, you ga jama'a ko babba, kamar kai da ku, sai thou ɗin ya mutu you ya haɗiye duka, shi ya sa yanzu kai da ke da ku duk you ne. Ki ce mata in ta rubuta "My grandmother said" ba rashin kunya ta yi wa Hajiya ba, haka masu harshen suke yi. Ki faɗa mata da bakinki, don yara irin taki har ransu suke jin nauyin ce wa babba she.

Na bar ta huɗu a ƙarshe don ita ce ainihin matsalar da za ta riƙa bin ta har sakandare, kuma ita ba ruwanta da Hausa, ɗan Landan ma yana yin ta. "He passed him when he was sleeping and he won." Wa ya wuce wa? Wa yake barci? Wa ya ci? Mu mun sani ne kawai don mun san labarin. A Hausar ma in kika ce "ya wuce shi yana barci ya ci" wanda bai san labarin ba sai ya tambaye ki waye. Duk sanda ake kwatanta maza biyu ko mata biyu wakilin suna ruɗewa yake, don he ɗaya ce tana wa mutum biyu aiki. Maganinta shi ne duk lokacin da magana ta tashi daga kan wannan ta koma kan wancan, a sake kiran suna. Yara suna gudun maimaita suna don an ce musu ba kyau, alhali gara a maimaita sau uku mai karatu ya gane da a ɓoye shi ya ɓata.

Toh yanzu maganar mutanen gidan, wadda na san ita ta fi hana ki barci.

Maigidanki ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, tsoro ne, kuma tsoron nasa yana da tushe. Baɗi yarinyar za ta shiga aji shida ga jarabawar shiga sakandare, gaba ga WAEC da NECO wanda in ba kiredit a Turanci ba maganar jami'a, ga JAMB da kowa sai ya rubuta Turanci ko me zai karanta. Mutumin da yake cire kuɗi duk zango ya ga 3 cikin 10 dole hankalinsa ya tashi. Sai dai maganin da ya kawo an bar jaki ne ana dukan taiki. Ki yi tunani, in aka hana Hausa a gidan nan me zai maye gurbinta? Ke da kanki kin ce Turancinki ba mai ƙarfi ba ne, Hajiya ba ta yi, shi kuma yana fita tun safe. Abin da zai faru shi ne gidan zai yi tsit, ko kuma a koma wani gurguwar Turanci na "come and chop" da "off the light" wanda shi ma jan biro zai jawo mata. Yaro ba ya koyon harshe daga shiru. Kuma hana Hausa ba zai koya mata it ba, sai an nuna mata ga yadda Hausa take yi ga yadda Turanci yake yi, wato Hausar ma ita ce tsanin da za a taka.

Kar ki tare shi da gardama, kar kuma ki yi maganar a gaban Hajiya ko yara, namiji in ya yanke hukunci a bainar jama'a janyewa tana masa wuya ko ya gane ya yi kuskure. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko littafin ki ce Abban yara zo ka ga wani abu, ki karanta masa jimlolin ki mayar masa da su Hausa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi miki. Ina kyautata zaton kafin ki kai ta uku zai yi murmushi, don shi ma ya taɓa rubuta irin su. Daga nan ki kawo masa tayin da ba zai ji an karya masa magana ba: a ware lokacin Turanci a gidan, minti 20 ko 30 kullum, ko bayan magariba ko bayan an dawo Islamiyya, kuma shi ne shugaban zaman ranar Asabar da Lahadi. Ki roƙe shi a gwada haka zango ɗaya a ga sakamako. In ya dage sai dai a yi Turanci zalla, toh kar ki mai da shi yaƙi, ki ce kin ji, ke da shi za ku riƙa ƙoƙartawa da yaran, amma ki nemi alfarma ɗaya tak, a cire Hajiya daga dokar. Ba ɗan da zai so a ce shi ya rufe wa uwarsa baki da jikokinta, in kika faɗa masa da taushi cewa kin ga tana shigewa ɗaki da wuri zai ji a jikinsa.

Ita kuwa Hajiya, shirun nan nata magana ce. Ta ɗauka ita ce ta ɓata jikarta. Ki shiga ɗakin nata da kanki ki gaya mata cewa a duk aikin yarinyar jimlar da ta fi ma'ana daga bakinta ta fito. Gaskiya ce ai ba daɗin baki ba. Yaron da ya tashi yana jin "ga ta nan ga ta nanku" ya riga ya san tauraro, ya san Gizo makwaɗaici ne mai wayon tsiya da tsamin baki, ya san Ƙoƙi ita ke haƙuri da shi tana kwashe ɓarnarsa, ya san kura da haɗama da wauta, dila da dabara. Abin da ake biyan kuɗi a koya a ajin adabi kenan, Hajiya tana ba su kyauta a kan tabarma.

Ni da za ki bi tawa ma da Gizo da Ƙoƙi za ku fara atisayen, ba da zomo da kunkuru ba, saboda ɗaya namiji ɗaya mace, he da she ba za su cakuɗe ba. In Hajiya ta ce ƙurunƙus, sai ki ɗauko takarda ki ja layi a tsakiya, Gizo a dama Ƙoƙi a hagu, ki tambaye ta da Hausa: me wannan yake so, me ya yi don ya samu, me ya same shi a ƙarshe? Haka ita ma Ƙoƙi. Ta amsa da Hausa tukuna har sai tunanin ya nuna, sannan ta juya jimla uku kacal zuwa Turanci, ɗaya ta inda suka yi kama da "both", biyu ta inda suka saba da "but" ko "while". Misali "Both Gizo and Ƙoƙi were hungry. He stole the food, but she waited." Uku sun isa wallahi, kar ki ce sai ta cika shafi. Kuma ki sa ta kawo hujja, in ta ce Gizo makwaɗaici ne ki ce a ina kika gani, ta nuna abin da ya aikata. Malamai suna ba da maki a kan "because" fiye da yadda iyaye suka sani.

A nan ne kuma za ki shigo da his da her cikin sauƙi, don Hausa ta riga ta yi miki rabin aikin. Rigar Gizo rigarsa ce, zanen Ƙoƙi zanenta ne. Ki ce ta saurari wutsiyar kalmar, in ta ji "sa" his ne, in ta ji "ta" her ne. Riga mace ce amma "his gown" za a ce don mai ita namiji ne, zane namiji ne amma "her wrapper" za a ce, mai abu ake dubawa, abin kansa ba a tambayar jinsinsa. Sai ki nuna mata cewa namiji yana da kalma biyu, na gan shi "I saw him", littafinsa "his book", ita kuwa mace her ɗaya ce take aikin biyun, "I saw her", "her book". Wannan ƙaramin abin yana ruɗa yara fiye da kima.

Shi kuma it, a kicin za ku gama da shi. Kina girki tana miƙo miki kaya, ki ɗaga tukunya ki ce wannan fa, ta ce "It is a pot, it is black", ludayi it, wuƙa it, murhu it, tsintsiya it. Sai ki nuna ƙaninta ta ce he, ki nuna kanki ta ce she, ki koma kan tukunya da sauri ki ga ko za ta zame. Ƙannen ma za su shiga su mai da shi wasa. Sati ɗaya kuskure ɗaya, satin farko soke he bayan suna, na biyu it, na uku his da her, na huɗu maimaita suna. In kika haɗa su duka rana ɗaya kin zama malama mai jan biro ta biyu.

Kin ga duk abin da na lissafa ba wanda ya fi ƙarfin mai takardar sakandare. Ki daina cewa za ki ɓata ta. Ke kina da abin da malamar da ba ta jin Hausa ba ta da shi, kin san daga inda kuskuren yake fitowa. In kin yi shakkar wata jimla ki ce mu duba littafi, yarinya ta ga uwarta ma tana dubawa, ba abin kunya ba ne. In da hali a samo mata mai lesin ko wata yayarta 'yar jami'a sau biyu a sati ba laifi, amma a gaya wa mai koyarwar takamaiman abin da ake so, kar a ce "a koya mata Turanci" kawai a yi ta kwafar nahawu a allo.

In ta ƙware da mace da namiji sai ku koma kan maza biyu. Akwai ɗan littafin Chinua Achebe na yara, Chike and the River, da ya fito a 1966, labarin yaron da ya bar ƙauye ya koma Onica wajen kawunsa yana ta mafarkin ya haye kogin Neja zuwa Asaba amma ba shi da kuɗin fito. Yana da aboki ɗan makarantarsu da ake kira S.M.O.G. wanda ya fi shi ido da rawar kai. Turancin littafin mai sauƙi ne, gajere ne kuma, ana samun sa wajen masu sayar da littattafan makaranta. Yara maza biyu, halinsu daban, duk he, kin ga filin atisaye kenan. Ta karanta da ƙarfi kina ji, duk inda ta ci karo da he ki tsayar da ita ki ce wa ake nufi. Kunne ne yake fara kama waɗannan abubuwan kafin hannu.

Saura malama. E, ki je, amma ba da faɗa ba, kuma ba ta waya ko a guruf ɗin iyaye na WhatsApp ba. Gyaran da ta yi daidai ne, kurakuran na nan, aikinta ne ta nuna su, kuma mai fama da aji cike da yara ga tarin littattafan dubawa wani lokacin gajiya ce take sa ta yi abin da ba ta yi niyya ba, wataƙila ma a ranta misali take bayarwa don kowa ya amfana. Amma karanta aikin yarinya da sunanta har a yi mata dariya kuskure ne, ba zan ɓoye miki ba. Ki same ta ita kaɗai bayan an tashi, ki gaishe ta ki gode mata, sannan ki ce malama tun ranar nan yarinyar ba ta son zuwa makaranta, ga sunan da ake kiranta da shi. Sau da yawa malamai ba su ma san abin ya kai haka ba. Ki roƙe ta abu biyu, ta tsawatar a daina sunan, sannan in ta sake ba da irin aikin ta duba tunanin daban nahawun daban, ko da kalma ɗaya ce ta yabo a ƙasan shafi. In ba Bahaushiya ba ce ki ɗan yi mata bayanin hanya mace ce a wajenmu, ina tabbatar miki ba 'yarki kaɗai ke rubuta haka a ajin ba, ta iya yin darasi guda a kai kowa ya huta. In kin yi haka sati biyu ba abin da ya canza, ko aka sake kunyata ta, sai ku je wajen hedimasta ke da babanta tare. Ciwon cikin kuma ki sa ido, in ranar Asabar da Lahadi ma tana yinsa ko da zazzaɓi ko amai, a kai ta asibiti kar a ɗora komai a kan makaranta.

Ga aikin nata na gyara huɗu: "The tortoise is slow, but he did not stop. The road is long. The hare slept under a tree because it had shade. My grandmother said a proud person is like the hare." Ki nuna mata ta ƙirga da kanta ta ga 'yan kalmomi ƙalilan ne aka taɓa, sauran duk nata ne. Ta huɗun, mai he uku da him ɗaya, ban taɓa ta ba da gangan. Ki ce Anti ta ce ta gyara da hannunta yadda wanda bai taɓa jin labarin ba zai san wa ya yi barci wa ya ci tsere, in ta gama ki turo min in gani. Ki gaishe min da Hajiya.